Masu Cika Rumfar Zariya

Duk wanda ya ce maka ya rasa wurin zuwa ranar Asabar a Zariya don ba shi da kuɗi, lalaci ne ke damunsa. Daga hantsin Juma'a zuwa magaribar Lahadi garin nan ba ya rabo da rumfa da kujerun roba da lasifika. In ba ɗaurin aure a Tudun Wada ba, akwai saukar karatu a Ƙofar Gayan, ga lakca a Kongo, ga ƙwallon unguwa a Muciya, ga samari na kilisa da yamma. Ba tikiti, ba mai tsaron ƙofa. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, yawon ƙarshen mako zuwa Kaduna ko Kano ya zama sai wane da wane, jama'a suka koma ga abin da ƙafa za ta iya kai su. Sai dai abin da ba ka biya da naira ba za ka biya shi da haƙuri, domin akwai wasu bayin Allah da ba a taro sai da su.

Shugabansu, wanda ko zaɓe aka yi ba mai karawa da shi, shi ne ɗan gayyar soɗi. Mutane na yi masa kallon mayunwaci, alhali ma'aikaci ne mai tsari, ya fi wasu masu albashi kama aiki a kan lokaci. Tun Laraba yake fara bincike. Yana da aboki a shagon masu buga kati a Sabon Gari, yana da wani wajen masu ba da hayar rumfa, kuma ba ya wuce tela bai tambayi ɗinkin waye wannan ba. Daga yawan kujerun da aka kama yake auna biki. In ɗari ne, ya san goro ne da alewa da dabino, a shafa fatiha a watse. In sun kai ɗari biyar, akwai shinkafa. In kuwa ya ji an haɗa da janareta da fankoki, to an kayar da sa, ranar ko karin kumallo ba ya yi.

Babbar rigarsa ɗaya ce, shuɗiya, ta sha guga har tana ƙyalli. Ba ya zuwa da wuri, kada a sa shi jera kujeru. Ba ya makara, kada ya tarar an rufe kula. In dangin ango suka dube shi da alamar tambaya, sai ya ce shi ta wajen amarya ne. In wani dattijo daga dangin amarya ya ƙura masa ido, sai ya riga shi: "Haba Alhaji, ba ka shaida ni ba? Ai da kawun ango muka yi makarantar allo a Kona." Kunya ta kama Alhaji, ya ce, "Af, tsufa ne, yi haƙuri, bismilla ga wuri." Wurin kuwa tun daga bakin titi ya zaɓe shi. Ba ya zama a gaba inda idanu suke, ba ya zama can baya inda rabo ke ƙarewa. Ƙarshen layi na uku, daidai ƙofar da samari za su fito da abinci, nan ne ofishinsa.

Da sanƙira ya faɗi sadaki sai ka ga ya gyaɗa kai a hankali, irin na wanda aka yi shawara da shi. Amin ɗinsa ya fi na waliyyi ƙarfi. Ana shafawa sai ya miƙe ya naɗe hannun riga: "Kai samari, ba haka ake rabo ba, kawo nan in taya ku." Daga nan lissafi ya koma hannunsa: ɗaya ga na dama, ɗaya ga na hagu, ɗaya ƙarƙashin kujera. Baƙar ledar da ke ninke a aljihu ba ta fitowa sai ido ya ɗauke. Kafin azahar ya ci aure uku. Da la'asar kuma za ka same shi a majalisa yana yanke hukunci: shinkafar gidan wane ba ta ji mai ba, naman na Tudun Jukun tsohuwar saniya ce, su kuma na Hanwa ai ba su shirya aurar da 'ya ba.

Amma a faɗi gaskiya, ban taɓa jin haushinsa har zuci ba. Mai biki da kansa ya san rumfar da ba ta cika ba abin gori ce, kuma shi ke cika ta. Sannan ƙafar da ke kai shi walima ita ke kai shi jana'iza. Ranar da aka yi rashi a unguwa shi ne farkon mai kama makara, shi ne cikin ƙura a maƙabarta, inda ba a raba ko ruwan leda.

Akwai Hajiya mai kamun kujera, wadda ke zuwa walimar mata ita kaɗai amma ta mallaki layi guda: jaka a wannan, mayafi a waccan, takalmi ɗaya nan ɗaya can. "Da mutane, 'yar nan, sun je alwala." Har a tashi masu alwala ba su dawo ba. Akwai mai waya, wanda zai tsaya a gabanka ya ɗaga hannu sama yana ɗauka, kai da ka zo kallon dawaki ka koma gida da sanin ƙeyarsa. Akwai 'yan motsa jikin safiyar Asabar, masu sabon kambas da rigar Arsenal, da ke tasowa daga PZ da niyyar Kwangila, a yi gudun minti biyar, a ƙare a teburin mai shayi da Indomie da ƙwai uku-uku ana maganar rage tumbi. Sai na aikin gayya. Tun mulkin soja na Buhari da Idiagbon aka saba mana da sharar Asabar, har yau kuma unguwanni kan fito yashe kwata kafin damina. Shi wannan cikin farar shadda yake zuwa, ya karɓi shebur a hannun yaro, a ɗauke shi hoto, ya mayar. Da yamma hoton na Facebook, an rubuta jagoran matasa.

Zariya garin karatu ne. Ga malaman zaure na cikin birni, ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga Barewa da Alhudahuda, don haka lakcar kyauta ba ta yankewa, kuma kowace lakca da mai tambayarta. Tun mai jawabi bai kai rabi ba hannunsa ke sama. In aka yi gangancin miƙa masa makirufo, sai ya gyara hula, ya hura iska a ciki sau biyu, ya ce: "Tawa ba tambaya ba ce, ɗan tsokaci ne, ba zan ɗau lokaci ba." Jama'a, kowa ya nemi wurin jingina. Lakcar a kan zazzaɓin cizon sauro aka yi ta, amma shi daga Sarauniya Amina zai ɗauko, ya bi ta ganuwa, ya sauka a kan zuwan Turawa, ya yi ta'aziyyar Sardauna, ya koka da tarbiyyar 'yan yau. Shugaban taro na cewa, "Malam, a taƙaita," shi yana cewa, "Yanzu zan zo wurin, ranka ya daɗe." Likitan da ya yi jawabi kuwa, don kara, sai ya gode masa da wannan muhimmiyar gudummawa, abin da ke ba mutumin ƙarfin gwiwar dawowa mako mai zuwa.

A filin ƙwallon unguwa, inda layin gefe ƙafafun 'yan kallo ne, kocin bakin layi ke mulki. Ba wanda ya naɗa shi, kuma duka ɓangarorin biyu yake koyarwa. "Buga! Kai, kada ka buga! Wa ya ce ka buga?" In ƙwallo ta shiga, shi ya faɗa, in ta fita, ba a ji maganarsa ba ne. Ya rantse tare suka taso da Garba Lawal da Tijjani Babangida a Kaduna, kuma da ba don ciwon gwiwa ba da shi za a je Atlanta a 1996 a ciyo zinaren nan. Ranar da ƙwallo ta gangaro gabansa, ya ja baya ya kai mata duka, takalmi ya tashi, ƙwallo tana nan.

Wajen kilisa kuma akwai Baba na-ga-jiya. Samari na sukuwa, kowa na tafi, shi yana taɓe baki. Shi ya ga hawan Sarki Aminu, ya ga shekara 45 na Shehu Idris tun daga 1975, ba dokin da zai burge shi. "Wannan doki ne ko jaki mai tsawo? Ku tambayi wanda ya ga Hawan Daushe a da." Amma kullum yana nan a kan dutse ɗaya tun kafin a ɗaura sirdi. In ka zauna kusa da shi ka yi shiru, zai karanta maka gidajen sarautar Zazzau, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, wa ya haifi wa, kyauta.

Sai mu 'yan bayan rumfa, masu tsayuwa hannu a goye muna duban kowa muna murmushi, wai mu nazari muka zo yi. Ba ma jera kujera, ba ma tafi, ba ma taya kwashewa. Ledar da ke aljihuna kuwa ta sa takalmi ce in za a shiga masallaci, kowa ya san ana satar takalma.

Duk waɗannan na yafe musu duniya da lahira. Wanda ban yafe wa ba shi ne babban baƙo na musamman.

Je ka saukar karatu a Islamiyya ka gani. Kati ya ce ƙarfe 9 na safe. Yara tun 7 suna wurin cikin sabon ɗinki, mata da fararen hijabai, maza riƙe da alluna masu zayyana. Malamai sun yi makonni suna bita da su bayan la'asar, ba ko sisin ƙari. Ƙarfe 10 ta yi, kujerar kushin da aka aro a maƙwabta tana nan ba kowa. Mai gabatarwa ya ce yana hanya. Ƙarfe 11 ya ce an yi waya, ya wuce Kwangila. Rana ta take, irin ta watan Afrilu, rumfa kuwa manya ta rufe, yara na gefen da inuwa ta guje wa. Wata 'yar ƙaramar yarinya da ta kwana tana maimaita ayoyin da za ta karanta ta fara kuka a hankali. Ba ta ci komai ba don kada ta ɓata hijabi. Ba mai cewa a fara, wai kada ran Alhaji ya ɓaci.

Sai ana shirin kiran azahar za ka ji jiniya. Ya shigo da zuga, a tashi iyayen yara daga kujerunsu a ba 'yan rakiya. Ba zai ce a yi haƙuri ba, mai gabatarwa ne ma zai gode masa da ya samu lokaci duk da tarin ayyuka. Daga nan a sanar cewa saboda ƙurewar lokaci an taƙaita karatun ɗalibai. Wato abin da aka taru dominsa shi aka yanke, aka bar kirari. Ya yi dogon jawabi a kan tarbiyya da cika alkawari, ya yi alkawarin buhunan siminti da aji biyu, a yi kabbara, ya fice kafin addu'a, domin ana jiransa a wani taron da shi ma tun 9 aka ce. Yarinyar nan ba ta yi karatunta ba. Simintin kuwa, kwamitin makaranta zai yi ta sintiri a ƙofar gidansa har wata saukar ta zagayo, kullum mai gadi na cewa Alhaji na Abuja. Ɗan gayyar soɗi shinkafa ya ci, ita ma da ma don a ci aka dafa ta. Wannan kuwa ranar yara ya cinye, kuma mu da muke miƙewa tsaye in ya shigo mu muka ɗaure masa gindi.

Don Allah malaman Islamiyya da shugabannin ƙungiyoyin unguwa, in kati ya ce 9, a buɗe da addu'a ƙarfe 9. A sa yara a inuwa, a ba su ruwa, su yi karatunsu iyayensu su ji. In Alhaji ya iso ana kwashe kujeru, a gaishe shi da mutunci, a miƙa masa lambar asusun makaranta.