Malam, Ina Inuwar Raƙumin?

A kowace ƙungiyar masu ɗaukar hoto akwai ranar da gaban kowa ke faɗuwa, wato ranar da wani zai haska hotonsa na haɗi a bango ya ce a faɗa masa gaskiya tsakani da Allah. Ga raƙumi yana taku a kan gajimare, rana tana faɗuwa ta dama amma hasken fuskarsa daga hagu yake zuwa, inuwa kuwa ko sama ko ƙasa. Sai wani ya yi gyaran murya ya ce, "Masha Allah, an yi ƙoƙari." Wani dattijo daga baya ya ce, "Wannan ai ba hoto ba ne, aikin kwamfuta ne." Mai hoto ya naɗe kayansa ya tafi bai ƙaru da komai ba sai hawan jini. Ni a ganina duka biyun sun cuce shi, kuma cutar mai Masha Allah ta fi muni. Masoyinsa a ɗakin shi ne wanda zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, ina inuwar raƙumin?"

Bari in fara sallamar dattijon, don maganarsa ta girme shi da fiye da shekara ɗari. A 1857, tun babu kwamfuta ko a mafarki, Oscar Rejlander ya ɗauki hotuna fiye da 30 daban-daban a kan gilashi, ya haɗa su hoto guda mai nuna hanyar kirki da hanyar shashanci, ya baje shi a Mancesta ta Ingila. Sarauniya Biktoriya ta sayi kwafi. Masu hoto na Sikotilan kuwa da farko sun ƙi rataya shi saboda tsiraicin da ke ɓangaren 'yan shashanci, daga baya suka yarda a nuna shi bisa sharaɗin a rufe wannan rabin da labule. Kun ga sharhi na farko ke nan: an kare tarbiyyar jama'a, amma labule bai koya wa Rejlander komai game da haske ba. Shekara ɗaya bayan haka Henry Peach Robinson ya haɗa hotuna 5 ya fitar da hoton wata budurwa tana jinyar ajali a tsakiyar danginta, aka yi ta cewa abin bai dace ba, amma mijin Sarauniya ya saya. Haɗa hoto tsohuwar sana'a ce, kuma duk wanda ya taɓa ganin hoton ɗan'uwansa jingine da motar da bai taɓa shiga ba ya san ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Yanzu ga abin da ke samun wanda aka sallama da Masha Allah. A 2011 ƙaramar hukumar Huili ta lardin Sichuan a ƙasar Sin ta fitar da hoton jami'anta uku suna duba sabon titi. Matsalar ɗaya ce, ƙafafunsu ba su taɓa kwalta ba, suna shawagi a sama cikin natsuwa irin ta manya. Abin haushin, da gaske sun je wurin, mai haɗin ne kawai ya ga titin da ke cikin hoton asali bai yi kyau ba ya sauya musu wani. Cikin 'yan kwanaki mutanen intanet suka kai jami'an nan duniyar wata, suka jera su da dodanni, sai da hukumar ta fito ta ba da haƙuri. A 2016 kuma reshen Nikon na Singafo ya ba da kyautar jaka ga hoton jirgin sama da aka hango ta tsakiyar wani tsani. Da aka ƙara wa hoton haske, sai ga farin akwati zagaye da jirgin, alamar liƙa shi aka yi. Duk waɗannan mutane aboki ɗaya suka rasa, wanda zai kalli ƙasan takalmi da gefen jirgi kafin duniya ta kalla.

Za a ce ai hoton haɗi mafarki ne, wa ya isa ya kafa wa mafarki dokar inuwa? Amsata ita ce ido ya yarda a yi masa ƙarya babba, amma ba ya yafe ƙarama. Zai karɓi kifi yana iyo a cikin falo ba musu, muddin fitilar da ta haska kujera ita ce ta haska kifin. Idan kuwa gefen kifin ya fito da kaifin almakashi, ko launinsa na tsakar rana ne alhali falon na magariba, to hira ta ƙare, mai kallo ya bar labarin ya koma ƙirga kurakurai. Idan mai hoto ya ce da gangan ya cire inuwa, sai a karɓa, a tambaye shi me rashinta ya ƙara wa hoton. In ya fara sosa ƙeya, an gane.

Za a kuma ce akwai kunya, kuma suka tana karya gwiwar ɗan koyo. Gaskiya ne, shi ya sa abin yake da tsari. A fara tambayarsa me yake son hoton ya faɗa, kada a yi ta gyara masa labarin da ba shi ya bayar ba. A ambaci abin da ya yi kyau da sunansa, a ce tunanin ya burge ko launin sama ya zauna. Sannan a nuna aibi ɗaya ko biyu da yatsa, daga ina haske ya zo, ina inuwa ta faɗi, girman wannan ya dace da nisansa, a kuma faɗi yadda za a gyara. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Shi kuma mai hoto haƙƙi ne a kansa ya faɗa tun farko cewa haɗi ne, musamman idan gasa za a kai shi. Sharaɗi na ƙarshe a kan mai sharhi yake: ya tausasa harshe ko don kansa, domin mako mai zuwa hotonsa ne a bango, kuma duk wanda ya yi wa gyara yau zai zo da wuri, ya kama kujerar gaba, ya goge tabarau.