Abin da ke gindin shafi

Cinikin gona ne a bakin Gulbin Kaba, mai sayen kuma surukina. Tun da dokar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin ƙasa, mutane sun rage yarda da "Allah ne shaida" kawai, sai da takarda. Ni kuwa a Ɗan Gulbi ina da kwamfuta da injin bugawa da farantin hasken rana. Akwai shiryayyar takardar ciniki cikin Word, suna da iyaka da kuɗi kawai nake cikewa.

Ashe ɗan ƙanena da ya zo hutu daga Maradi ya "gyara" mini na'urar. Tun Office 2013 akwai wani gurbi cikin Options, wajen Enregistrement, inda ake nuna wa Word jakar da zai riƙa ɗauko shiryayyun takardu. Yaron ya karkatar da hanyar zuwa tasa jakar, ya kwafi takardata da sunanta cif, don adon gefenta ya burge shi, ya dasa layi guda a gindin shafi saboda wasiƙun budurwarsa. Rubutun gindin shafi kuwa dishi-dishi yake a allo, sai a kan takarda yake fitowa baƙi ƙirin.

Mai gari na zaune, shaidu na zaune. Mushe na lakkwal ya karɓi takardar yana karantawa yana fassarawa. Gabas gonar wane, yamma burtali, kuɗi jika 400, sunan wanda ya rubuta, wato ni. Sai ya gyara murya:

"Ya ke hasken idona, in ban gan ki ba ko fura ba ta wuce mini maƙogwaro."

Tsit. Mushe mutum ne mai tsoron ha'inci a aiki, don haka ya gyara tabarau ya sake karantawa, a hankali, yana bin kalmomin da yatsa. "Hasken... idona." Har yanzu ina jin yadda ya ja wannan "idona". Mai sayarwa ya leƙo ya ce, "Gonar ake nufi?" Surukina bai ɗago ba, carbinsa kawai ya tsaya. Can ya ce, da ƙasa yake magana ba da ni ba, "'Yata dai tana gida. Kullum ana ganinta."

Na nemi miyau a bakina na rasa.

Nan Baba mai gyaran rediyo ya matso, Allah ya ƙara masa lafiya. Ya ce, "Ɗana, kada ka damu, tashar wasu ta kamo. Juya farantin nan ya bar kallon Katsina." Na ce Baba, ba ta kama tasha. Ya ce to ƙwarya ce da aka dama fura ba a wanke ba, a kife ta a girgiza, sauran maganar zai zubo. In ya ƙi, a cire batir a shanya shi a rana, haka ya yi wa wata rediyo tun zamanin Kunce kuma ba ta sake yi masa rashin kunya ba. Na yi ƙoƙarin bayani, na ce hanyar jaka aka sauya mata. Ya yi shiru yana auna maganar, sannan ya ce in batun hanya ne a jira direbobin Kornaka, su suka san ta.

Mai gari ya ce a gwada na Baba. A gaban jama'a na kife kwamfutata na girgiza, Baba na tara hannu a ƙasa. Aka sake bugawa. Mushe ya miƙo hannu zai karanta, surukina ya riga shi. Ya haɗa ta da ta farko, ya ninke, ya zura a aljihu.

"Ɗaya ta gona," in ji shi, "ɗaya ta gida."