Na Tafi Cin Gado, Na Ciyo Bashi

A unguwarmu ta Agadasawa, cikin birnin Kano, kowane gida da labarin asalinsa, amma na gidanmu ya fi na kowa maiƙo. Goggo, yayar mahaifina, ita ke riƙe da shi. A faɗarta, kakan babanmu ɗan sarauta ne a ƙasar Abzin. Ya gangaro daga duwatsu da ayarin gishirin Bilma, ya sauke kaya a Kasuwar Kurmi, ya yi ido huɗu da wata Bakanuwa a bakin rijiya, daga nan bai sake waiwayar arewa ba. Ya baro garken raƙuma da lambun dabino a wani gari wai shi Timiya, suna can suna jiran magaji. In ta kawo nan sai ta dubi fuskata ta ce, "Ga shaida nan, wannan karan hancin ba na Kano ba ne."

Hancin ne ya ja ni. A watan Janairun 2018 kasuwa ta tsaya cak, masu bina bashi sun fara sanin lokacin da nake fitowa sallar asuba, sai na ce bari in je in duba dukiyata. Na sayi rawani ɗan Kura mai ƙyalli, irin wanda Abzinawa ke ji da shi, don gaisuwar Sarkin Abzin. Na ninke shadda uku masu sitaci. Da uwargida ta miƙo mini rigar sanyi sai na yi mata dariya, na ce, "Hamada fa za ni, ba Jos ba."

Kazaure, Daura, Kwangwalam, duk lafiya lau. Da muka tsallaka Ɗan Barto wani mai kaki ya leƙo ta taga ya ce mini, "Kardante." Na ce wallahi ban san shi ba, ni baƙo ne. Wata tsohuwa mai kwandon yakuwa ta zungure ni ta ce, "Ɗana, katin shaidarka yake tambaya." A Damagaram kuma na sha shayi da burodi, mai shayin ya ce dala arba'in. Na miƙe tsaye ina salati, ina tambayarsa ko da zinare ya dama. Sai da 'yan benci suka gama dariyarsu tukuna suka gaya mini dalar Nijar sefa biyar ce, kuɗin duka sefa ɗari biyu ne. Ɗaya daga cikinsu ya ƙara da cewa tun zamanin Amadu Kuran Daga suke razana Kanawa, amma bai taɓa ganin wanda shayi ya razana ba.

A lokacin, dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure tana aiki, don haka duk ɗan Najeriyar da ya doshi Agadas kallon mai shirin Libiya ake yi masa. A wani shinge bayan Tanut aka sauke ni, aka ce me zan je yi? Na gyara hula na ce cin gado. Mutumin ya kira abokin aikinsa ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce masu tafiya Libiya ziyarar dangi suke cewa, ko neman magani, ni ne na farko mai gado. Ya miƙo mini katina ya ce in wuce, wai mai wayon tsallaka hamada ba zai yi irin wannan ƙaryar ba.

Agadas dai ta rufe mini baki, ni da ba na ganin gini in ba Gidan Rumfa ba. Hasumiyar babban masallacinsu ta ƙasa ce zalla, mita 27, itatuwa sun tsattsago daga jikinta kamar bushiya. An fara gina ta a ƙarni na 16, aka sake ta a 1844, kuma a 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Fadar Sarki tana nan daf da masallacin. Na isa da tsakar rana, lokacin da ko ƙadangare ya nemi inuwa, na gaya wa wani dogari ni jinin gidan nan ne ta wajen Timiya. Ya dube ni sama da ƙasa cikin ladabi, ya nuna arewa da haɓa ya ce, "To, ranka ya daɗe, ai sai ka hau dutse."

Tafiyar ta haura kilomita ɗari biyu, kuma abin da suke kira hanya busasshen rafi ne da tarin baƙaƙen duwatsu. Babbar motar albasa na samu tana komawa, na zauna a sama tsakanin gangar mai da wani bunsuru. Da rana ta faɗi sai sanyin Abzin ya fito gaishe ni. Hunturun Kano a gabansa fifita ce kawai. Na saka shadda ta biyu a kan ta farko, na ɗora ta uku, sitaci yana ƙara kamar ana taka kwano. Na zura ƙafafuna cikin buhun albasa. Bunsurun da na yi ta hantara tun Agadas, shi na rungume. Can tsakar dare na warware rawanin Sarki na naɗe kai da fuska, ina ba Mai Martaba haƙuri a zuci. Da gari ya waye baban rini ya kama ni tun daga goshi har wuya, na zama shuɗi kamar wanda aka tsamo daga karofin Ƙofar Mata.

Haka na shiga Timiya. Gari ne a ƙwaryar duwatsu, ga lambuna kore shar, lemo da rumman sun yi nauyi a reshe, raƙumi yana jan guga daga rijiya, ga tsohuwar ganuwar sojan Faransa a kan tsauni. Na fara zaɓen lambuna da ido.

Aka kai ni wurin wani dattijo da ya yi shekaru yana bin ayari zuwa ƙasar Hausa, Hausarsa har da karin magana. Sai da muka sha shayi zagaye uku kafin ya tambayi abin da ke tafe da ni. Na faɗi sunan kakan babana da laƙabinsa. Ya ajiye kofi. Ya yi magana da yarensu, aka aika yaro da gudu, wasu tsofaffi biyu suka zo suna leƙen fuskata. Ni kuwa ina lissafin kuɗin raƙumi a kasuwar Maigatari.

"Yaro," in ji shi, "mun san shi sarai. Akala yake ja wa kakana. Tun kafin yaƙin Kawusan na 1916 aka ba shi raƙuma biyu da kayan gishiri ya kai Kano, ya sayo gero da baƙin rini. Har yau geron muke jira."

Na ce, "Baba, to sarautar fa?"

Ya ce, "Wace sarauta? Hancin dai nasa ne, ba musu."

Na warware rawanin na ajiye a gabansa, na ce a karɓa kafin alƙalami. Ya jujjuya shi, ya shinshina, ya ce kwance ne kuma yana warin bunsuru, amma an karɓa. Kwana uku suka riƙe ni, suna ɗura mini cuku da dabino, duk wanda ya wuce a kira shi ya ga jikan mai geron. Ranar tafiya dattijon ya cika mini buhu da lemo, ya ɗora mini bargo a kafaɗa ya ce, "Lemon kyauta ne. Bargon aro ne, ko da yake mun san halin gidanku."

Da na dawo, Goggo ta tare ni tun a soro tana tambayar raƙuma nawa ne. Na ce biyu ne, kuma mu ake bi. Ta ɓare lemo ɗaya, ta tsotsa, ta ce hassada ce irin ta dangin uba. Bargon kuwa yana nan a kan gadona. Duk hunturu ina niyyar aika shi, sai dai yana da ɗumi ƙwarai.