Farautar Ra-gare a Ƙasar Ɗambatta

Sana'ata koyar da ilimin furuci. Abincina yana fitowa ne daga leƙen bakin mutane: ina harshe ya taɓa, hanƙa ko ganɗa, iska ta bi ta baki ko ta hanci, tantanin maƙwallato ya kaɗa ko ya yi tsit. Har gobe gwaggona likitan haƙori take ɗaukata, ni kuma na ƙyale ta a haka don ya fi sauƙin bayani.

Harafin r ne ya fitar da ni daga aji. Duk ɗalibin da ya bi ta kan littafin Farfesa Mu'azu Sani Zariya, Tsarin Sauti da Nahawun Hausa, ya san r biyu gare mu, ra-gare da ra-kaɗe, ko da yake harafi ɗaya muke rubuta musu. Bara mai yi wa ubangida hidima da ra-kaɗe yake, barar almajiri kuwa da ra-gare. Peter Ladefoged ya auna su a littafinsa na 1964 kan sautukan harsunan Afirka ta Yamma, Paul Newman kuma yana ɗora wa ra-gare alama a ka a babban nahawunsa na 2000. Ni kuwa sai na ƙudurta a raina cewa 'yan birni masu ingausa sun cakuɗa sautukan biyu, Turanci ya lalata musu harshe. Abin da ya rage in samo tsantsar Hausa daga bakin dattijon da bai taɓa jin wani yare ba, in aza ta kusa da tasu, duniya ta gani.

Na ɗauki rakoda da makirufo na kama hanyar Kazaure, na sauka a wani ƙauye a ƙasar Ɗambatta. Tun shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi rubutu a kan karkarar da ta kewaye Kano: gona manne da gona, ana noma kowace damina ba hutu, taki yana zuwa a kan jaki, gero da dawa da wake da gyaɗa a ƙarƙashin ɗorawa da gawo. Na karanta shi sarai. Abin da ban hanga ba shi ne ma'anar wannan ga mai ɗaukar sauti. Ƙasar da ba ta da daji ba ta da shiru. Inda duk ka tsuguna akwai gida a kusa, a gidan akwai turmi, a bayan gidan akwai zabi, can gaba injin niƙa. Manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amstadam, tana zana hoton duk abin da makirufo ya ji, ba ta san mutum ba, ba ta san dabba ba. Wasali mafi tsawo da tsabta da na samu a wannan tafiya, jakin mai unguwa ne ya furta shi.

Mai unguwa ya haɗa ni da wani dattijo da ya ce duk yankin ba wanda ya fi shi Hausa. Muka gaisa, hira tana tafiya lafiya lau. Ina fito da makirufo sai Baba ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya koma mai karanta labaran ƙarfe bakwai. Ya gaishe da masu sauraro, ya miƙa kuka ga hukuma kan tsadar takin zamani, ya aika gaisuwa ga ɗansa da ke Fatakwal. William Labov ya yi wa wannan matsala suna tun 1972: kana son jin yadda mutum yake magana in ba a lura da shi, alhali kai ne ka zo lura da shi. Shekara da shekaru ina koyar da wannan batu, har tambaya nake sakawa a jarrabawa.

Dokar aikinmu ita ce kada ka faɗi kalmar da kake nema, don kada mai magana ya kwaikwayi bakinka. Sai ka yi kewaye.

"Baba, me almajiri yake yi idan ya ɗauki ƙoƙo da daddare?"

"Abin da ya kamata ya yi karatu ne, ɗana."

"To, wanda yake yi wa mai gida hidima fa, me ake ce masa?"

"Boyi."

Nan labari ya fito. Baba ya yi ƙuruciyarsa yana zuwa ci-rani Ikko da Badun. Yarbanci a bakinsa yake, da Turancin buroka, ga Larabcin makarantar allo. Ra-garensa kuwa tas, ba abin kushewa, sai dai a cikin kalmomi irin su birki, rediyo, riba da karatu na fi jin ta. Masana sun daɗe da faɗa: kalmomin aro daga Larabci da Turanci galibi da ra-gare suke shigowa Hausa. Wato sautin da na zo ceto daga hannun baƙi, baƙin ne suke yi masa cefane.

Ranar Lahadi na shiga kasuwar Ɗambatta don in huce a kan Fulani. Fillanci yana da haɗiyau, ɓ da ɗ, amma ba shi da tunzuɗau irin ƙ da ts, saboda haka ake tsokanar Bafillatani da cewa ƙasa da kasa duk ɗaya ne a wurinsa. Na tsuguna gaban wata mai nono, na ce, "Inna, wannan abin da nonon yake ciki fa?" Ta dube ni, ta ce, "Ƙwarya ce, Kaɗo. Nonon kuma ba tsami." Ƙ ɗin ta fashe kamar an fasa gyaɗa, ts ɗin ta fi tawa kaifi. Na roƙe ta ta maimaita sau uku ina kallon bakinta. Ta juya ta yi wa ƙawarta Fillanci, suka kwashe da dariya. Daga baya wani ɗalibina mai jin yaren ya fassara mini: cewa ta yi, wannan ko kuɗin nono ba shi da shi, ya fake da tambaya.

Da na dawo, na raba wa 'yan aji faifan. Aikinsu su rubuta duk abin da suka ji, su ba kowace murya lamba, su ja layi ƙarƙashin duk inda aka tsallaka daga wani harshe zuwa wani. Mako na zagayowa wata ɗaliba ta ɗaga hannu.

"Malam, mai magana na ɗaya ya fi kowa ban sha'awa. Ingausarsa ta fi ta kowa yawa, kuma bara da bara duk ɗaya yake faɗinsu."

Na ce ta kunna mu ji. Murya ta cika aji: "Oke Baba, akcuwali abin da nake so, ka yi rifitin ɗin wod ɗin, amma siloli, ka gane?" Daga bayan aji wani ya ce gwano ba ya jin warin jikinsa, na yi kamar tari na ji.

Yarinyar ta nemi izinin yin kundin digirinta a kan mai magana na ɗaya. Ta kawo mini takardar amincewa, wadda ni na tsara ta da hannuna, mai alkawarin sakaya sunan wanda aka ɗauki muryarsa. Na sa hannu sau biyu, sama a matsayin mai duba aiki, ƙasa a matsayin abin bincike. Ranar kare kundi, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya saurari faifan har sau biyu, ya yaba ƙwarai, ya ce ya daɗe bai ji harshen da ya rikice haka ba. Sannan ya tambaye ta a wace tashar mota ta samo mutumin.