Shakazoban Kamfani da Ƙashin Bayan Kawu

Ɗan ƙanwata ya sayi mota. Wannan ba labari ba ne a ƙasar Illela, inda yaro kan haddace sunayen motoci kafin ya kai izu biyu. Labarin shi ne abin da ya ƙara wa dillali a kan kuɗinta. Golf ce 'yar Kwatano, baƙa wuluk, kuma dillalin ya rantse masa cewa ba irin sauran ba ce: tun daga kamfani aka sa mata ƙafa ta musamman, sifirin da shakazoba irin na masu tsere. Yaro na jin kalmar "kamfani" jikinsa ya yi sanyi. Mu dai ko guba aka ce mana ta kamfani ce, sai mun tambaya ko da ragi in mutum zai ɗauki biyu.

Ya kira ni a waya. "Kawu, sai ka taho ka sa albarka. Wagga mota ba ta san rami ba."

Gaskiya ya faɗa, ba ta san shi ba. A Lafani, a lungun gidan kakarsa, aka haɗa su gaisawa.

Daga Sakkwato muka taso, ta Kware da Gwadabawa, tafiyar kilomita 80 da 'yan kai. In dai kwalta ta yi sumul, motar nan abin so ce, tana shan kwana kamar an ɗinke ta da titi. Amma duk tsakuwar da taya ta taka sai ta aiko mini da saƙo ta ƙashin baya, ba ta ɓoye mini komai. Kafin mu kai Gwadabawa na san adadin facin da ke kan hanyar fiye da ɗan kwangilar da ya yi shi. Na ce, "Ɗana, ashe haka masu kuɗi ke shan wuya?" Ya ce wai wannan shi ake kira jin hanya. Na ce na ji ta, ta ishe ni.

Abin da dillali bai gaya masa ba shi ne wa aka ƙera wa wannan ƙafa. Bajamushen da ya zana ta yana tunanin titin ƙasarsu ne, wanda a wasu wurare ko iyakar gudu ba a sa masa ba. Don haka ya gajarta sifirin, motar ta sauka ƙasa da santimita ɗaya ko biyu, ya kuma ƙara wa shakazoba tauri don kada ta yi tangaɗi a kwana. Santimita biyu ba komai ba ne a kan teburin tela. A lungun da ke shiga gidan kakar yaron nan, inda tayoyin amalanke suka haƙa kwari biyu suka bar tudun rairayi a tsakiya, santimita biyu su ne tsakanin mutunci da abin kunya.

Muna shiga muka ji ƙuuu daga ƙasa. Mota ta ɗora ciki a kan tudu ta zauna daram, kamar kaza a kan ƙwai, tayoyi na ta watsa rairayi a banza. Yaran unguwa da suka biyo mu da ihun murna su ne suka koma turi. Wani dattijo ya zo wucewa a kan jakinsa, ya yi mana sannu har sau uku, irin sannun da ta fi zagi ciwo. Jakin ko kallonmu bai yi ba. Hajiya ta leƙo daga zaure ta ce wa jikanta, "Kai, maigidan, wanga abu da ka sawo, ciwon ƙafa shi kai ko ladabi ne ya yi mishi yawa?"

To, kada a ɗauka mutanenmu ba su san gyaran ƙafar mota ba. Sun san shi tun kafin a haifi dillalin, sai dai namu sama yake kallo. Bature na sauke mota don ta yi gudu, mu muna ɗaga ta don ta yi dako. Je ka garejin kanikawa ranar Asabar, jajibirin kasuwar Illela ta Lahadi, ka ga ilimi. Mai a-kori-kura ko J5 zai zo a ƙara masa ganyen sifirin biyu, na wata babbar mota da ta riga mu gidan gaskiya. Mai ƙaramar mota kuma a yanko masa tsohuwar taya a cusa tsakanin zoben sifirin, a ɗaure da waya. In ya fito sai ka ga bayan motar ya yi sama, hanci ya yi ƙasa, kamar rago zai yi karo. Kada ka damu, gobe buhunan albasa za su daidaita ta, har su wuce da lissafi, hanci ya koma sama, fitila ta riƙa haska tsuntsayen da ke kwana a kan bedi.

Akwai wani tsohon bakanike da nake zama wurinsa, wanda ya koyi aiki a kan Fijo 504 tun lokacin da kamfanin Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, ke fitar da su sababbi fil. In ya fara yabon 504 sai ka ba shi wuri. Zai tuna maka cewa ita ta cinye tseren Safari na Kenya a 1975, kuma ba da gajeren sifirin ta ci ba, da doguwar ƙafa mai laushi ta ci, wadda ke shanye rami kamar tuwo da miyar kuka. Shi ne ya zaunar da ni ya bambance mini abin da yawancin direbobi ke cakuɗawa. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi. Shakazoba ba ya ɗaukar ko mudu ɗaya. Mai ne a cikin bututu, ana matsa shi ta ƙananan huji, aikinsa kawai ya hana mota ci gaba da rawa bayan ta faɗa rami. In man ya tsiyaye, mota ta zama amarya a kan raƙumi. Amma direbanmu zai ga mai na zuba a jikin shakazoba wata shida, ya shafa da yatsa, ya ce alhamdu lillahi har yanzu da sauran mai a ciki.

Abin da ya fi ba tsohon nan dariya shi ne bai taɓa ƙara wa mutum sifirin ya ga motar ta huta ba. Wanda ke ɗaukar buhu goma, in an ƙara masa ganye ɗaya, gobe da sha huɗu zai fito. In ya dawo an ƙara na biyu, sai ya tuna ai rufin motar ma fili ne da Allah ya ba shi. Birki kuwa yana nan yadda kamfani ya yi shi don mutum biyar da jakunkunansu, ba wanda ya taɓa zuwa a ƙara masa shi. Birki ba ya kawo kuɗi.

Masu babur sun fi kowa nisa a wannan karatu. Da aka rufe iyaka a watan Agustan 2019, har zuwa Disamban 2020 da aka buɗe ta Illela, hanyoyin daji tsakaninmu da Ƙonni sun yaye injiniyoyin da ba jami'ar da ta san da su. Boxer da Indiyawa suka yi don mutum biyu sai ga ta da shakazoba huɗu a baya, biyu na kamfani, biyu na mai walda, a kai buhunan da ban ƙirga ba saboda ina da 'yan uwa a cikin sana'ar. Direban yana zaune a kan tanki, gwiwa a kan kan babur. In ka hango shi daga nesa sai ka rantse rumbu ne ya gaji da zama ya kama hanya. Da aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ɗaliban suka koma digiri na biyu.

Ɗan ƙanwata dai bai karaya da wuri ba. Ya ce in jira a gama babban titin da aka ƙaddamar a 2024, wanda zai tashi daga nan Illela har Badagry, sama da kilomita 1,000, a ranar zan san abin da ya saya. Na ce Allah ya nuna mana, amma ko an gama shi ba ta zauren Hajiya zai bi ba. Sati uku yana ajiye motar a bakin hanya, ya ba almajiri kuɗin gadi, ya hau kabu-kabu ya ƙarasa gida da makulli a hannu yana kaɗawa, don kada a manta yana da ita. Tudun rage gudu kuwa a karkace yake hawansa, taya ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsallake sahun masallata, motocin baya suna ta yi masa oda.

A sati na huɗu salansa ta rabu da motar a gaban jama'a. Ya kai ta wurin tsohon nan. Aka cire sifirin na tsere da ya biya ƙarin kuɗi dominsu, aka sa dogaye na wata tsohuwar mota, aka cusa guntun taya, ya sake biya. Na tseren suna nan rataye a jikin bishiyar garejin, kuma na ji yaron shagon na gaya wa wani saurayi cewa na kamfani ne, daga Jamus, ba a samunsu ko'ina. Saurayin har ya fara shafa aljihu.

Ranar Lahadin da ta wuce ya zo ɗaukata zuwa kasuwa. Motar ta yi tsayi har sai da na ɗaga riga kafin in hau. A baya akwai buhun albasa shida da mata uku da tunkiya, a gaba ni da wani mai ƙiba muka raba kujera, giya tana tsakanin ƙafafuna. Muka faɗa ramin farko, na ji haƙorana sun gaisa da juna.

"Kawu, ka ji yadda ta shanye shi?"

Na ce, "Ɗana, ni na shanye shi. Tsaya in gyara zama, ka sa giya ta uku a gwiwata."