Jama'ar Teburin Mai Jarida

Lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, Abubakar Imam na editanta, mutum ɗaya kan saye ta ya karanta wa taron jama'a a ƙofar gida. Har yau teburin mai jarida a Kano ko Kaduna bai rasa taro ba. Mai sayen ne ya yi wuyar gani.

Sarkin wurin shi ne mai karatun kyauta. Galibi ɗan fansho ne mai tabarau ɗaure da zare, kuma yakan riga ɗaurin jaridun isowa. "Sannu da aiki, bari in ga kanu kawai," in ji shi. Kanun nan su za su kai shi har shafin wasanni. Zai buɗe Daily Trust yana lasar yatsa yana juya shafi, ya gama ya ninke ta tsaf yadda ba mai gane an taɓa, ya jawo Aminiya don ya ga ko Hausar ta dace da Turancin. Idan wani ya zo da kuɗinsa yana son wadda ke hannunsa, sai ya ɗaga masa yatsa: "Ɗan dakata, ɗana, saura kaɗan." Daga nan sai lacca. New Nigerian ta da ita ce jarida, wadda in ta yi sharhi a Kaduna sai an ji a fadar gwamnati ta Barikin Dodan a Legas, na yanzu kuwa duk talla ne. Kullum sai ya yanke wannan hukunci, bai taɓa fid da ko sisi ba. In aka taɓo tsada, zai yi bayani dalla-dalla yadda ake shigo da takardar bugu daga waje da dala, ya tausaya wa mai jarida ƙwarai, sannan ya ari kujerarsa. Mai wannan rubutu ya haddace laccar, domin yana cikin masu jiran dattijon ya saki shafi na biyu.

Masu fid da kuɗi ba su da yawa. Akwai mai canjin suna, wanda banki ya ce sunansa na BVN ya saɓa da na katin ɗan ƙasa: sau ɗaya zai saya, ya lalubo sunansa cikin ƙananan rubutu, ya zarce shagon kwafi. Akwai hadimin ɗan siyasa, mai kwashe ɗauri guda ranar da aka buga hoton maigida ana taya shi murna. Sai mai tsire, wanda ba ya fashi, amma sai jarida ta kwana biyu yake sayenta a kilo.

Mai rediyo kuwa leƙe ɗaya yake yi ya taɓe baki: "Ai BBC ta faɗa tun da asuba."

Duk waɗannan abokan raha ne. Wanda ba a yi wa dariya shi ne mai turawa. Yana tsaye a gefe, idonsa a waya, ko kallon teburin ba ya yi. Labarinsa kan fara da "da ɗumi-ɗumi" ya ƙare da "a yaɗa saboda Allah". Shi ke sanar da rasuwar malamin da ke zaune lafiya a gidansa. Shi ke ɗauko hoton rikicin wata ƙasa na shekarun baya ya ce jiya aka yi a Jos, ya watsa a WhatsApp da Facebook, iyaye su kwana suna kiran 'ya'yansu, 'yan kasuwa su rufe shaguna. In gaskiya ta fito aka tare shi, amsarsa ɗaya ce: "Ni ma turo min aka yi." Jarida in ta yi ƙarya akwai edita da adireshi, ana iya kai ta kotu. Shi kuwa kafin azahar ya turo wani sabo.

Masu kula da zaurukan WhatsApp su ja masa kunne sau ɗaya. In ya sake, su cire shi, ko da kawunsu ne.