Ranar da Tururuwa Ta Ba da Shaida

Da na tsaya a matsayina na kawun yara mai raba alawa ranar Juma'a, da asirina a rufe yake har yau. Sai na ji a rediyo cewa 14 ga Nuwamba ce ranar ciwon sukari ta duniya, ranar haihuwar Frederick Banting, likitan Kanada da ya gano insulin tare da Charles Best a 1921. Shi ke nan, malanta ta motsa. Na tara 'ya'yan gidanmu da na maƙwabta a zaure, nan Nasarawa Gwom, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi, don hunturun Jos ba ya jiran Disamba.

Na zo da shirina: robar lemo mai rabin lita da kwalin sukari. Na jera ƙwaya goma a faranti, na ce kusan abin da ke cikin robar nan ke nan, giram 50 da 'yan kai, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ma kada ya wuce kimanin giram 50 a yini, in da hali rabin haka. Na ce ciwon iri biyu ne. Akwai wanda ya fi kama yara ba da laifin kowa ba, sai allurar insulin kullum. Akwai wanda ya fi bin manya, mai tafiya da gado da ƙiba da zaman wuri ɗaya, shi ne ake iya kauce masa da motsa jiki da gwaten acca mai ganye da rage zaƙi. Na lissafa alamu: yawan fitsari, ƙishirwa, rama, gyambon da ya ƙi warkewa. Da na yi shiru a nan, da na tashi da girmana. Amma baki bai san gaba ba. Na ƙara da cewa mutanen da suna ganewa ne idan tururuwa ta taru inda mutum ya kama ruwa.

Ɗan yayata, wanda nake aike wurin mai shayi, ya ɗaga hannu.

"Kawu, kai da kake cewa a sa maka cokali biyar fa?"

Na ce saboda sanyi ne.

"Da zafi ma biyar ne, Kawu."

Ina kame-kame, faranti yana ramewa. Kafin in waiga saura ƙwaya biyu. Na kwashe su na jefa aljihu, na sallami aji.

Washegari na zura rigar na fito. Ina tsaye bakin ƙofa wata 'yar shekara shida ta ƙura wa gefena ido, sai ta kwasa da gudu tana ihu: "Kawu ya kamu!" Tururuwa ce a jere, daga aljihu har wuya, kamar masu layin mai. Kafin in kakkaɓe, labari ya kai ɗakin Hajiya. Ba ta saurari zancen ƙwaya biyu ba, ta ce in tafi gwaji ban karya ba.

Ni da na gaya wa yara tsira allura a yatsa ba komai ba ne, sai da na runtse ido. Ma'aikaciyar ta dubi na'ura, ta dubi tumbina, ta ce ban shiga ba tukuna, amma ina bakin ƙofa ina sallama.

Jiya da dare na lallaɓa wurin mai shayi da kaina, na raɗa masa ya sa uku kawai. Ya zuba ɗaya, ya rufe gwangwani.

"Yi haƙuri, Malam. Yaran nan sun ce za su kai ni wurin Hajiya."